Daga Yekaterinburg zuwa Irbit a kan babur mai kwando

Ni dai na ɗauka babu abin da wani zai koya min a harkar babur, don kafin in samu karatu a Rasha sai da na yi shekara uku ina acaɓa a Kano, har zuwa 2013 da aka hana. To da abokin karatuna ɗan Rasha ya ce in raka shi mu mayar wa kakansa babur ɗinsa Irbit, ko tunani ban yi ba na ce ni zan tuƙa.

Babur ɗin tsohon Ural ne, ƙirar Rasha, mai injin cc 650, irin wanda ake liƙa wa kwando mai taya ɗaya a gefen dama, su suna ce masa kalyaska. Har giyar ribas gare shi kamar mota. Abokin nawa ya cire kwandon ne ya yi masa fenti, ya mayar ya ɗaure da ido kawai. Ni kuma ban tambaya ba.

Mun fita da sassafe a watan Yuli, tafiyar wajen kilomita 200 ce. Tun kafin mu wuce Berezobski na gane an zo wurin da ba a yi da ni. Babur ɗin da na sani in za ka sha kwana kwantar da shi kake yi, wannan ko ka kwanta ko ka miƙe bai san kana yi ba, sai ka murɗa kan da ƙarfin damtse. In na ba shi wuta ya ja dama, in na saki totur ya koma hagu, wannan abokina ya ce haka halinsa yake. Amma ko a miƙaƙƙiyar hanya ina tafiya daidai wa daida sai ya dinga jana bakin titi kamar jaki ya hango dusa, ni kuma ina ta dannewa, kafin mu kai Rezh kafaɗuna sun yi tsami kamar na kwana ina daka.

A wani gidan mai bayan Rezh muka tsaya, wani dattijo da ke ɗura mai a tsohuwar motarsa ya zo ya tsugunna bayan babur ɗin ya kanne ido ɗaya, ya girgiza kai. Ya ce mu bi shi gida, ba nisa.

Abin da ya ba ni mamaki ba wani injin awo ya ɗauko ba. Katako biyu ne dogaye miƙaƙƙu sai tef na awo. Da farko ya duba iskar tayoyin uku, ya sa muka tura babur ɗin kan daɓen siminti da ba shi da gangara, ya ce in hau in zauna tunda da nauyina za a yi tafiyar. Ya jingina katako ɗaya da tayar baya ya miƙe har gaba, ɗayan kuma jikin tayar kwando, ya auna tsakaninsu ta gaba ya auna ta baya. Ashe gaban ya fi bayan faɗi, wato tayar kwandon waje take kallo, tana neman hanyarta daban. Ya ce dole gaban ya fi bayan matsewa da kamar milimita 10, in kuma aka zarce taya ce za ta cinye kafin kaka. Ya sassauta maɗaurin ƙasa na baya, muka ɗan tura, ya auna, muka sake turawa, sau huɗu wallahi a kan abin da bai kai faɗin farce ba.

Sannan ya koma kan sandunan ƙarfe biyu na sama da suka riƙe babur da kwandon. Namu ya karkata ne wajen kwandon, alhali so ake ya ɗan kauce masa ya jingina hagu kamar digiri ɗaya zuwa biyu, shi ne zai biya jan da kwandon yake yi da kuma gangarar gefen titi. Ya warware su ya ƙara musu tsawo, ya ce in je in dawo. Na dawo na ce saura kaɗan, ya ƙara rabin zagaye. Matarsa kuma sai shayi take ta kawo mana da jam na 'ya'yan itacen daji, kuɗi kuwa ya ƙi karɓa.

Da za mu tafi ya ce min, ɗana, kwanar dama ce mai kisa, in kwandon ba kowa tayarsa tashi take yi sama, ka rage gudu tun kafin ka shiga, in za ka fita kai kaɗai ka jefa buhun yashi a ciki.

Daga Artyomobski zuwa Irbit da yatsu nake riƙe kan, har na samu sukunin kallon dajin bishiyoyin nan masu farin ɓawo. Irbit ƙaramin gari ne a bakin kogin Nitsa, nan aka kwaso masana'antar babura daga Mosko a 1941 don gudun bama-baman Jamus, kuma akwai gidan tarihin babura a garin. Mu dai mun iso an riga an rufe gidan tarihin, sai muka wuce gidan kakan. Yana fitowa bai ko gaishe mu ba, ya zagaya bayan babur ɗinsa ya tsugunna ya kanne ido ɗaya.