Asabar a laburare: renon dashe kafin damina

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau muka fara shirin renon itatuwa a filin bayan laburaren garinmu. An sa ƙarfe takwas na safe saboda zafin bazara, don kafin sha ɗaya babu mai iya tsayawa a rana. Yawancin waɗanda suka zo 'yan sakandare ne da malamansu, sai wasu matan aure daga wata Islamiyya, da wani dattijo tsohon malamin daji da muka roƙa ya zo ya sa mana ido.

Mun zaɓi Afrilu ne da gangan. Yawancin itatuwanmu suna buƙatar kusan wata uku a leda kafin su isa dashe, kuma lokacin dashe a nan shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙe sosai. Abin da ke damuna duk shekara shi ne a jira 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, a sayo dashe a kafa shi a busasshiyar ƙasa, a watse. Ruwan farko yakan ɗauke na mako biyu ko fiye, kuma a wannan tazarar dashen ke ƙonewa.

Da haɗa ƙasa muka fara. Awo biyu na ƙasar saman gona, awo ɗaya na yashi, awo ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Kowanne sai da aka tankaɗe shi da rariyar waya don fitar da tsakuwa, gutsuren leda da kwalba. Wata yarinya ta kawo kashin awaki daga gida, sabo, dattijon ya ce mata, “'Yata, ajiye wannan sai baɗi.” Ɗanyen taki yana yin zafi a cikin leda ya ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wanda ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Idan ƙasar wurin jigawa ce tun asali, a rage yashin ko a bar shi gaba ɗaya. Idan laka ce mai danƙo, a ƙara. Ana yayyafa ruwa ana juyawa har haɗin ya yi kamar garin da za a turara dambu: ka dunƙula ya tsaya, ka taɓa shi da yatsa ya warwatse. In ya fito da ruwa ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

Ledar fiya wata muka yi amfani da ita, wadda yaran suka tsinto cikin makon nan daga harabar laburaren da bakin titi. An wanke, an yanke baki ɗaya, an huda ƙasan da ƙusa wuri huɗu zuwa shida. Ledar da ba a huda ba tana riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Baro ɗaya na haɗin ƙasa yana cika leda kusan 100. Wajen cikawa ana buga gindin ledar a ƙasa sau biyu ko uku don ta zauna, a bar kamar faɗin yatsa ɗaya a sama inda ruwa zai tsaya. Ba a dannawa da ƙarfi.

Amma wannan ledar gajera ce. Ta isa zogale da darbejiya da tsamiya na ɗan lokaci, ba ta isa gawo ba. Gawo yana fara tura doguwar saiwa ƙasa tun kafin ya yi wani ganye na a zo a gani, kuma idan saiwar ta taɓa gindin leda sai ta naɗe. Itacen da saiwarsa ta naɗe yana iya rayuwa bayan dashe, amma ba ya kai wa ga damshin ƙasa, sai ya tsumbure ko ya mutu a ranin farko. Saboda haka muka ware masa doguwar baƙar leda mai tsawon santimita 30.

Wajen iri aka fi daɗewa, kuma nan ne aikin yake. An baza su a kan tebur kashi-kashi: kuka, gawo, ɗorawa, bagaruwa, tsamiya, dakwara, zogale. Da farko aka zuba kowane kashi a bokitin ruwa aka kwashe waɗanda suka taso sama, domin galibi fanko ne ko ƙwaro ya cinye cikinsu. Irin gawo da na bagaruwa sun fi shan wannan ɓarnar. In ka duba da kyau za ka ga 'yar huda a jikin ƙwayar.

Kuka, gawo, ɗorawa da bagaruwa ɓawonsu yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi. A daji, cikin dabba ne ke tausasa shi, shi ya sa ake yawan ganin tsiron gawo a inda shanu da awaki suka yi makwanci. A wurin reno hanya biyu ce. Ta farko, a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, ruwan ya ninka irin kamar sau huɗu, a bar shi ya huce a ciki har kwana ɗaya. A sauke tukunyar kafin a haɗa su. Wanda ya bar iri yana tafasa a kan wuta ya dafa shi ne kawai. Ta biyu, a ɗan ɓantare ɓawon da abin yankan farce ko a goga shi a kan siminti har farin ciki ya fara leƙowa, a gefen da ke nesa da cibiyar ƙwayar, don ta wajen cibiyar saiwa ke fitowa. Sannan a jiƙa a ruwan sanyi ya kwana. Hanya ta biyu ta fi ba da tsiro iri ɗaya, sai dai tana cin lokaci, ta dace da mai ƙwaya hamsin, ba mai dubu ba. Ƙwayar da ta sha ruwa tana kumbura, ita ake shukawa nan take. Wadda ba ta kumbura ba a sake mata aikin. Irin kuka kuma sai an wanke garin da ke jikinsa tas, in ba haka ba ya yi fumfuna ya kira tururuwa.

Dakwara, wadda ake samun ƙaro a jikinta, ba ta son ruwan zafi. Ɓawonta bai kai na sauran tauri ba, ruwan sanyi na dare ɗaya ya ishe ta. Tsamiya ma jiƙon kwana ɗaya ya wadatar, ɓantarewa yana ƙara mata sauri. Zogale ba ya buƙatar komai, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito. Da yake jiƙo yana ɗaukar kwana, mun jiƙa kashi ɗaya tun jiya don a samu na shukawa yau, aka kuma yi sabo a gaban mutane don su ga yadda ake yi.

Wani malami ya tambaya me ya sa babu darbejiya a kan teburin alhali ita ta cika gari. Ya ma zo da irin da ya adana a gwangwani tun bara. Irin darbejiya yana mutuwa da wuri, cikin 'yan makonni ƙarfin tsironsa ya fara raguwa sosai. Sai a tsinci nunannun 'ya'yan da suka yi rawaya, a wanke naman, a shanya a inuwa kwana biyu, a shuka. Na bara kuwa ba a zubar ba, an ce a daka shi a jiƙa a yi feshin ƙwari da ruwan.

Zurfin shuka: kamar ninki biyu na kaurin ƙwayar. Kuka da tsamiya kusan santimita 2, gawo ƙasa da haka. Yara suna son tura yatsa har gindi, irin ya ƙare ƙarfinsa bai kai sama ba. Ƙwaya biyu a kowace leda. In duka sun fito, bayan mako biyu a yanke mai rauni daga tushe da almakashi. Tugewa yana girgiza saiwar ɗan'uwansa.

An jera ledojin a layi mai faɗin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a kan shimfiɗar leda mai kauri don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Aka kafa rumfa da zana mai sharara, wadda rabin haske ke ratsawa. Inuwa mai duhu tana sa tsiro ya yi tsawo siriri ya faɗi. An barbaɗa toka a kewayen saboda gara. Ban ruwa safe da yamma ne har su tsiro, da buta mai kan rariya. Lita 10 tana isar leda kusan 100 a shayarwa ɗaya. Kwarara ruwa da bokiti yana tono irin. Bayan tsiro, in aka ga ƙaramin tsiro ya yi baƙi daga wuya ya kife, ruwa ne ya yi yawa kuma iska ba ta ratsawa: a rage ruwa, a ware ledojin, a fitar da waɗanda suka kamu.

Da rana ta take muka koma zauren karatu. Mai kula da laburaren ta fito da taswirar Najeriya, yara suka nemo jihohi 11 da ke cikin aikin Babbar Koriyar Ganuwa, shirin shuka itatuwa don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Dattijon ya ja hankali zuwa Maraɗi, inda tun 1983 manoma, tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka shiga renon kututturan da ke tohowa da kansu a gona. Sassaben zamani suke ce masa. Manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututturen sabara, kalgo ko gawo, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan ƙasa. An ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar ya kai hekta miliyan 5. Na ji daɗin da ya kawo wannan, domin mai gona da kututture a cikinta ya fara da su kafin ya nemi leda. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi.

Wata daga cikin matan ta ce, “Baba, to mu da ba mu da gona fa?” Ya ce zogale biyu a tsakar gida sun isa miya da kwaɗo, a riƙa datse kansa idan ya kai ƙugu don ya yi rassa. Darbejiya da kuka kuwa a nisanta su da katanga, masai da wayar lantarki.

Abin da ya sa nake ganin laburare ya dace da wannan aikin shi ne rajista, da kuma mutanen da suka saba dawowa. An buɗe littafi guda a teburin karɓar baƙi: sunan itace, inda aka samo irin, abin da aka yi masa, ranar shuka, ranar tsiro, nawa suka fito. Kowane layi an soka masa katako mai lamba. Da wannan, baɗi za a san ko ruwan zafi ne ya fi yi wa ɗorawa amfani ko ɓantarewa, ba sai an yi gardama ba. Duk wanda zai karɓi dashe a Yuli za a rubuta inda zai kafa shi, kuma ba za a ba shi ba sai ya tanadi kariya daga awaki, ko ƙaya, ko kwando, ko bulo, da alkawarin ban ruwa a ranin farko.

An raba ban ruwa tsakanin makarantu biyu da maigadi, shi zai riƙe Lahadi. Daga mako na huɗu za a riƙa ɗaga kowace leda duk bayan mako biyu a datse saiwar da ta leƙo. Tsakiyar Yuni za a fara janye zanar da rage ruwa don dashen ya saba da rana. Asabar mai zuwa aikin ramuka ne: santimita 50 zurfi da faɗi, ƙasar sama gefe guda ta ƙasa gefe guda, kuma kowa ya zo da reza don koyon yanke gindin leda.