Kafin ka sayi wata sandar golf, dubi hannunka da ƙasar da kake taka

Ƙannena da ke shigowa wasan golf a Yamai, yawancinku a waya kuka fara ganin yadda ake lilo da sanda. Ba laifi. Sai dai filin da ke cikin wayar ciyawa ce shar, an aske ta an shayar da ita. Namu na Rio Bravo da ke kan hanyar Tillaberi kuwa yashi ne da tsakuwa, har wurin da ramin yake ma yashi ne da ake sharewa kafin a gangara ƙwallo. Yawancin kuɗin da na zubar a wasan nan, rashin lura da wannan bambanci ne ya cinye su.

Ciwon sabon shiga kusan iri ɗaya ne. Idan da dama kake wasa, ƙwallon za ta tashi kamar abin kirki, sai ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin ƙaya. Ni maganin da na fara yi mata shi ne na ƙara karkata jikina hagu, wai don in ba ta wurin dawowa. Ashe ƙara wa ciwon ƙarfi nake yi. Ƙwallo tana lanƙwasa dama ne idan fuskar sanda ta iso gare ta a buɗe, wato tana kallon dama da hanyar da kan sandar ke bi. Duk yadda ka ƙara fuskantar hagu, sandar za ta ƙara yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki, juyin da take yi a iska ya ƙaru. In lokacin hunturu ne kuma iska na busowa ta gabanka, lanƙwasar sai ta ninka. Da abin ya ƙi, na yanke hukunci cewa direbata, wato doguwar sandar bugun farko, ita ce ba ta da kyau, na sa aka aiko mini da wata daga Faransa. Sabuwar ma cikin ƙayar nan ta riƙa kai ni. Na bar jaki ina dukan taiki.

Wani dattijo cikin masu ɗaukar jaka ne ya gaji da shiga daji neman ƙwallona. Ya ce, "Alhaji, don Allah riƙe sandar in gani, kada ka buga." Na riƙe. Ya ce, "Gaɓoɓin bayan hannunka na hagu nawa kake gani?" Na ce, "Ɗaya, Baba." Ya kama hannun ya murɗa shi kaɗan zuwa dama har na ga biyu da rabin ta uku, ya gyara na dama ya dace da shi, yadda tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya take nuna kafaɗata ta dama. Ya kuma zare sandar daga tsakiyar tafina ya mai da ita gindin yatsu. Riƙon ya yi mini banbaraƙwai, kuma kwanakin farko ƙwallon hagu ta riƙa gudu. Wannan alama ce mai kyau. Fuskar ta fara rufuwa ke nan, saura ka daina fuskantar hagu ka miƙe kafaɗunka da inda kake nufi.

A nan ne kwaikwayon manya ke cutarwa. Ben Hogan na Amurka, wanda har yau ake nuna lilonsa a matsayin abin koyi, ya sha fama ne da ƙwallo mai lanƙwasa hagu, kuma riƙon da ya koma yi don ya kashe wannan ciwon ne. Mai fama da lanƙwasar dama ya ɗauki riƙon Hogan, ya sha maganin ciwon da ba nasa ba.

Akwai wata yaudara kuma ta masu wasa a yashi. Guntun ciyawar roba da ake ɗora ƙwallo a kai tana rufa wa mutum asiri fiye da kima. Ko ka dira sanda a bayan ƙwallon, sai ta zame a kan robar ta same ta, ka ɗauka ka iya. Ranar da ka je filin ciyawa a Abuja, kan sandar zai nutse cikin ƙasa, ƙwallon ta yi ɗan tsalle ta tsaya a gabanka. Gyaran ba ya cin ko dala. Ja layi a yashi mai ɗan tauri, ka tsaya layin na tsakiyar ƙafafunka, ka yi lilo da sandar ƙarfe mai lamba 7 ba tare da ƙwallo ba. Inda sandar ta fara kwasar yashi ya zama a kan layin ko gabansa, kada ya zama bayansa. In kullum a baya take faɗuwa, nauyinka ne ke maƙale a ƙafar dama. Masu ce maka "ka ɗaga kai" duk lokacin da ka ɓata bugu, gode musu kawai, yashin ya fi su faɗa maka gaskiya.

Sai pota, sandar gangarawa cikin rami. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, amma babu wadda za ta taɓa ƙwallo sau da yawa kamarta. A filin da aka ƙiyasta bugu 72, lissafin ya ware biyu-biyu ne na gangarawa a kowane rami cikin 18, wato 36. Duk da haka ni tawa ta farko kyauta ce daga wani Bature da zai koma gida, dogon mutum, ban ko tambayi kaina ko ta dace da tsayina ba. Na daɗe ina wasa da ita hancinta, wato ƙarshen kanta, a ɗage sama, ina mamakin abin da ke jan ƙwallon hagu.

Tsayi ne farkon abin dubawa. Yawancin na kasuwa inci 33 zuwa 35 ne. Sunkuya yadda jikinka ya sake, hannuwa su sauko da kansu, sannan ka ga ko ƙasan sandar ya kwanta daidai a ƙasa. Ɗauki wata ƙwallo ka sake ta daga tsakanin idanunka: ta faɗa kan wadda ke ƙasa ko ɗan ciki kaɗan ta wajenka. In sandar ta yi tsawo ana iya rage ta, amma ka sani yankewa na sa kanta ya riƙa yi maka sakayau a hannu, kuma a yashi sakayau ɗin nan ba alheri ba ne.

Siffar kai iri biyu ce a taƙaice. Akwai siririya, irin Anser da Karsten Solheim na kamfanin Ping ya fitar a 1966, wadda aka tara nauyinta a dunduniya da hanci don ko ba ka buga da tsakiya ba fuskar kada ta juya sosai. Akwai kuma mai faffaɗan kai da dogon layi a sama. Ɗora sandar a kan yatsa ɗaya ta daidaita a kwance. In fuskarta ta kalli sama, ta fi dacewa da mai kai sanda baya ya dawo da ita kusan a miƙe. In hancinta ya rataya ƙasa, ta mai lilo da ɗan lanƙwasa kamar baka ce. Ka sa abokinka ya ɗauke ka a waya daga baya ka ga irin naka, don abin da mutum ke ji yana yi da abin da yake yi sukan saɓa.

Ra'ayina, ga mai wasa a yashi, mai kai mai nauyi ta fi. Yashi na cin gudun ƙwallo, ƙwallon kuma takan ɗan zauna a cikinsa. Da sanda marar nauyi dole ka fizga da wuyan hannu, fizgar nan kuwa ita ke karkatar da fuska. Potoci na zuwa da ɗan jingina a fuska, galibi digiri 2 zuwa 4, don ta ɗago ƙwallon daga mazauninta, kuma a namu filin mai digiri kusa da 4 ya fi taimako. In wani ya tallata maka doguwa mai kaiwa ƙirji, mallakarta ba laifi ba ne, amma tun 1 ga Janairun 2016 doka ta hana a tokare ta a jiki lokacin bugu.

In ka samu wadda ta zauna maka, ka riƙe ta. Tiger Woods ya ci 14 daga manyan kofunansa 15 da pota guda, wadda ya fara amfani da ita a 1999. Ni a ɗakina akwai jerin waɗanda na saya bayan kowace ranar baƙin ciki, babu wadda ta koya mini auna nisa. Wannan a kan kafet ɗin falo na koye shi, da tsabar dala ashirin a ƙasa, ina ƙoƙarin tsayar da ƙwallo a kanta daga taku uku, sannan biyar, sannan bakwai. Faɗin ramin gaske milimita 108 ne, bayan tsabar sai ya zame maka ƙato.

Kada kuma ka bar jaka a bayan mota cikin zafin Afrilu da Mayu. Robar mariƙi takan bushe ta yi santsi, gumi ya ƙara mata, ka fara matse sanda ba ka sani ba, lanƙwasar da ka yi sallama da ita ta dawo. Wanke mariƙan da sabulu da ruwa lokaci-lokaci, wanda ya tsage a canza shi. In kana da mai zuwa daga waje, mariƙai za ka ce ya riƙo maka, sun fi sanda sauƙin kuɗi kuma ba sa cin wuri a akwati.