Kada a toshe kunne ɗaya a kan babur

Babban darasin da na koya a karatun ƙwaƙwalwa shi ne ido da kunne tare suke yanke hukunci. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan tudu guda biyu inda saƙon gani da na ji da na taɓawa suke haɗuwa, kuma su ne ke juya kai da ido zuwa inda abu ya motsa. Masu bincike Barry Stein da Alex Meredith sun auna aikin wurin a jikin kyanwa a shekarun 1980. Sun gano cewa in haske da ƙara suka fito daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, jijiyoyin sun fi amsawa da ƙarfi, kuma ribar ta fi yawa idan kowane saƙo mai rauni ne.

Wannan na ƙarshen ne ya shafi ɗan kabu-kabu a Tawa lokacin hunturu. Hazo ya rufe hanyar Konni, fitilar babbar mota ta dushe, ƙarar injinta ma daga nesa take. Kowanne shi kaɗai bai isa ba, amma in sun haɗu sai hannu ya kai ga birki. A 2002 wasu masu bincike, Ernst da Banks, sun nuna, a gwajin gani da taɓawa, cewa ƙwaƙwalwa tana ƙara dogara ga gaɓar da saƙonta ya fi tsabta. Ido ya raunana, nauyi ya koma kan sauran.

To, ina matsalar? Ƙwaƙwalwa tana gane inda ƙara ta fito ne ta hanyar kwatanta kunnuwa biyu: wanne ya riga ji, wanne ya fi ji da ƙarfi. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Wanda ya cusa abin sauraron waya a kunne ɗaya, yana cewa ai ɗayan a buɗe yake, ya lalata wannan awo. Zai ji oda, amma zai iya waiwayawa ɓangaren da ba shi ba. Wallahi wannan ɗabi'a tana damuna, don mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa.

Haka rawani in an naɗe kunne da shi da kauri. A rufe hanci da baki saboda ƙura, a sassauta wajen kunnuwa, wayar kuma ta jira a aljihu har a tsaya.