Wasiƙa zuwa Maraɗi kafin ruwan shuka ya sauka

Assalamu alaikum warahmatullahi.

Iyayena, yayyena da ƙannena na Maraɗi, na birni da na karkara, daga Madarumfa har Dakwaro, daga Gidan Rumji har Tasawa, ina gaishe ku gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin bazara? Allah ya kai mu damana lafiya, ya ba mu mai albarka.

Daga Mompeliye nake rubuto muku, a kudancin Faransa, inda nake aikin bincike a kan halittun da ke rayuwa da abincin wani ko jinin wani: ciyawar da ke tsotson hatsi, tsutsar da ke cikin akuya, ƙwayar cutar da sauro ke zuba wa yaro. Na zaɓi in rubuto yanzu, tun ana sassabe ana kai taki gona, saboda maganata ta lokaci ce. Kowace ɗaya daga cikin halittun nan tana da ɗan lokacin da take da rauni, kuma yawancin aikin masu bincike neman wannan lokaci ne. In an same ta a nan, kuɗi kaɗan sun isa. In ya wuce, ko jikka nawa aka kashe an makara. Abin da ke damuna shi ne mu a gida sau da yawa bayan ya wuce muke tashi.

Ku ɗauki ƙuduji. Ba manomin Agye ko Mayahi da za a koya wa kamanninsa. Abin da ido ba ya gani shi ne, ranar da furensa ya fito ya ƙawata gona, ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwar hatsi yana shan ruwa da abincin da take ja. Shi ya sa za ka ga hatsi ya tsumbure, ganye ya yi kamar ƙishirwa ke damunsa alhali ƙasa da laima. Tushe ɗaya yakan zubar da iri fiye da 50,000, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da shi. Sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa sannan ya farka, domin guzurinsa bai wuce na ƴan kwanaki ba: in ya tsiro bai samu saiwar da zai kama ba, ya mutu ke nan.

A 1966 aka fara ware sinadarin nan a Amurka, daga saiwar auduga, bayan wani nau'in ƙuduji ya shiga gonakin masararsu. Amma me zai sa hatsi ya riƙa kiran maƙiyinsa? Sai a 2005 masu bincike a Japan suka kawo amsa. Ba ƙuduji yake kira ba. Wasu ƙananan halittu yake kira, dangin naman kaza, masu zama cikin ƙasa suna taya saiwa jawo abinci, musamman fosfat, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin taki. Da aka ci gaba da aunawa sai aka ga cewa gwargwadon yadda ƙasa ta rasa fosfat, gwargwadon yadda shuka ke ƙara fitar da sinadarin. Ƙuduji kuma yana saurare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da kakanninmu ke faɗa, cewa ƙuduji na gonar da ta gaji ne, ga dalilinsa ya fito fili, kuma ina jin daɗi ƙwarai duk lokacin da na ga ɗakin bincike ya tarar da manomi a inda ya daɗe da tsayawa.

To, me wannan ke nufi a gona? Takin gida, da gawon da kuke bari yana tasowa ta hanyar sassaben zamani, da ɗan takin zamani a gindin shuka, gram 6 na NPK ko gram 2 na DAP a kowane rami kamar yadda aka gwada a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, duk suna rage kiran. Gujiya da auduga da wake kuma suna farkar da irin ƙudujin hatsi amma ba ya iya rayuwa a jikinsu, don haka juya shuka yana ƙone masa ajiya. Sai dai a kula, wake yana da nasa ƙudujin daban, wanda aka samar wa iri masu jure masa kamar IT97K-499-35 na cibiyar binciken noma ta IITA. Abin da ya fi komai arha kuwa shi ne tuge shi kafin ya yi iri, a tara a ƙone. Na san ba zai dawo da hatsin bana ba, kuma na san akwai gajiya a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Gonar baɗi ake ceta da ta ƴaƴa. Wanda ya tuge bayan kwanso ya bushe, ya yar a gefen gona, ya taya ƙuduji shuka ne.

Wani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda irin dawa mai jure ƙuduji. Hatsinmu bai samu irin kulawar da dawa da masara suka samu ba. In ba mu muka ɗauki aikinsa ba, ban ga wanda zai ɗaukar mana ba.

Kuma za mu iya, tunda an riga an yi a garinmu. Murzuna, tsutsar nan mai sassaƙa zangarniya tana zagaya ta, ta zama annoba a Sahel tun bayan farin 1972 zuwa 1974. Sau ɗaya take haihuwa a shekara: uwar ta yi ƙwai a kan zangarniya lokacin da hatsi ke fitar da kai, tsutsa ta ci ta ƙoshi, ta sauka cikin ƙasa ta kwanta sai wata damana. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maraɗi da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, tare da abokan aikinsu na Mali da Burkina Faso, sun tura mata nata mai cin jinin. Wani ɗan ƙwaro ne dangin rina, bai wuce milimita 3 ba, sunansa na kimiyya Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Tun daga 2006 ake kiwonsa ana zuba shi cikin ƴan jakunkuna na algarara, da ɗan hatsi da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a itatuwan gari. Bayan kamar mako guda sababbin ƙwarin su fara fita ta ramukan saƙar su bazu cikin gonaki. Ba feshi, ba guba a hannun yaro. A nan Turai, in ana maganar yaƙar ƙwari da ƙwari a gonar ƙaramin manomi, ana ambaton wannan aiki, kuma ba na ɓoye alfaharina in na ji sunan Maraɗi.

Amma shi ma na lokaci ne. In jakar ta iso bayan murzuna ta gama ci ta shige ƙasa, ba ta da amfani. In aka rataye ta kuma wani ya bi gona da feshin guba, ya kashe mai taimakon tare da ɓarawon. Sannan ƙwaron ba ya tsallake dogon rani da yawa, don haka kowace shekara sai an sake sakinsa. Ma'ana, kiwonsa tun yanzu ya kamata a ce ana yi.

Ga iyayenmu mata masu jar akuya, wadda da ita aka san Maraɗi har ƙasashen waje, ga tawa ƴar gudunmawa. Akwai wata tsutsa siririya da ke zama cikin tumbin akuya da tunkiya tana shan jini. Mace ɗaya takan yi ƙwai dubbai a yini, su fita cikin kashi, su ƙyanƙyashe, su hau ɗanyar ciyawa mai raɓa, dabba ta sake haɗiye su. Damana ce kakarta. Alamarta rama, da kumburi a ƙarƙashin haɓa, da fatar cikin ido da ta yi fari. A Afirka ta Kudu aka tsara dubarar duba ido: a ja fatar ƙasan ido, in ja ce a bar dabbar, in ta koɗe a ba ta magani. Hikimar ita ce, bai wa garke duka magani kowane lokaci, ko a raba ƙwaya ɗaya ta kasuwa wa awaki uku don tsimi, shi ke koya wa tsutsar jure maganin. Akuya ma jikinta ya fi na tunkiya saurin fitar da magani, don haka awonta daban ne. Ku tambayi malamin dabbobi, kada mai tallar magani ya auna muku da ido.

Wani daga cikin magungunan tsutsar dabbobi, ivermectin, daga ƙasar da wani ɗan Japan mai suna Satoshi Omura ya ɗebo aka samo asalinsa. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, a 1987 aka fara raba shi kyauta ga mutane don makantar bakin kogi, wadda ita ma tsutsa ce ke kawo ta. Ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan cuta. Kafin nan, a 2013, an tabbatar mun rabu da kurkunu. Dattawanmu sun tuna yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Ba allura ba ce ta kore shi, ba kuma ƙwaya ba. An gane ne cewa ta ruwan tafki yake shiga, aka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa inda ake ɗiba.

Masassarar cizon sauro ce ta rage mana babba, kuma ita ce ke sa ni rashin barci in Agusta ta kama. Ƙwayar cutar takan fara ɓuya cikin hanta kamar mako guda ba alama, sannan ta fantsama cikin jini. Maganin rigakafin damana da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta amince da shi a 2012, Nijar ta fara a 2013, an tsara shi ne don ya kasance cikin jinin yaro kafin cutar ta iso. A gwaje-gwajen da aka yi ya hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa. Kwana uku ne a kowane wata. Na ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, na biyu da na uku a hannun uwa ake bari. Yana da ɗaci, yaro yakan ƙi, wani ma ya yi amai, na sani. Don Allah, inna, don Allah, yaya, kada a ajiye sauran a ce sai ya yi zazzaɓi, kada kuma a raba wa babban wansa. Kariyar ba ta wuce mako huɗu, shi ya sa ake dawowa wata na gaba. Allurar rigakafin da ƙasarmu ta fara a 2024 ƙari ce a kan wannan da gidan sauro, ba madadinsu ba. A Ruwanda da Yuganda da Eritiriya an riga an ga cutar ta fara jinkirin mutuwa da maganin da muka fi dogara da shi, kuma shan magani rabi-rabi yana buɗe wa irin wannan ƙofa.

Roƙona na ƙarshe ga masu hali ne. Alhazan Maraɗi, an san ku da gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka da alheri. Ɗakin kiwon ƙwaron da ke kashe murzuna bai kai kuɗin mota ɗaya ba, kuma ɗalibin jami'a da ke bin gonakin Tibiri yana ƙirga ƙuduji, ko yana ɗibar katantanwa, wadda tsutsar tsargiya ke hayayyafa a jikinta, a Jiratawa da tafkin Madarumfa don gano inda tsargiya ke kama yara, man babur da madubin ƙara girma kawai yake nema. Hukumomin gari su sa kuɗin jakunkunan nan cikin kasafi tun kafin Yuli, kada a jira sai wani furoje ya zo daga waje. Gidajen rediyon karkara su riƙa gayyato masu binciken INRAN na Tarna su yi bayani da Hausa, a makon da ya dace da kowane aiki. Ku kuma ƙannena da ke shirin shiga jami'a, fannin nan yana neman mutane, kuma wanda ya tashi yana noman hatsi ya shigo da rabin karatun a hannunsa.

A gaida sarakuna da malamai, a gaida mutan gida baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Mompeliye