Neman ganuwar Bello a Sakkwato

Ɗaurin auren wani abokina ne ya kai ni Sakkwato. Motarmu ta tashi daga Kano tun da asuba, domin direbobin wannan hanya ba sa son dare ya riske su tsakanin Funtuwa da Gusau, kowa kuma ya san dalili. Muka wuce Talatar Mafara, muka wuce Tureta, la'asar sakaliya muka iso Shuni, ga garin nan ya fara bayyana. Zafin kuwa ba a magana. Iskar da ke shigowa ta taga sai ka ce daga bakin murhu take fitowa.

Washegari bayan an shafa fatiha an watse, na ce wa kawun ango, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, ina so a kai ni in ga ganuwa. Bakano idan ya shiga tsohon gari abin da yake fara nema ke nan. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wace ganuwa? Ai gidaje sun canye ta tun tuni. Amma taho mu tahi, in gwada maka inda ta bi."

Muka tsayar da mai keke, Kawu ya riƙa kiran sunaye: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku. Yanzu duk sunayen unguwanni ne da wuraren da 'yan kabu-kabu ke sauke fasinja. Daga jerin sunayen nan ne mutum zai iya zana tsohon garin a ransa, sai ya ga ashe ɗan ƙarami ne. A cikinsa kuma aka riƙa naɗa sarakunan da suka mulki ƙasa tun daga nan har Adamawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙuruciyar garin. Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru da ganuwa da kasuwa lokacin da wurin nan yake ɗan ƙauye a kan tudu, kusa da inda gulbin Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi a 1808, sai a 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya zaɓi wannan tudu ya kewaye shi. Zaɓin na mai lissafi ne: ga ruwa, ga fadama, ga tudun da za a hango maƙiyi, kuma wurin yana tsakanin Gobirawa da Kabawa, waɗanda ba su daina yaƙi ba. Shehu kansa yana Sifawa sai a 1815 ya komo, ya rasu a nan a 1817.

Hubbare, gidan da kabarin Shehu yake, muka fi daɗewa. Tun daga bakin titi masu sayar da carbi da turare da ƙananan littattafai suka tare mu. Muka tuɓe takalma, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. A ciki na ga wata tsohuwa da ta zo daga Nijar da ƙullin kayanta a ka, ta sauke, ta zauna a gefe tana addu'a a hankali, ba ta ko kalli kowa ba. Kawu ya nuna mini cewa 'yar Shehu, Nana Asma'u, ita ma nan take kwance. A ganina wannan gida da fadar Sarkin Musulmi da masallatan nan biyu, na Shehu da na Bello, su ne suka riƙe garin. Kasuwa ce ta gina Kano. Sakkwato kuwa malamai da masu mulki ne suka zauna tukuna, kasuwa ta biyo su, har jar fatar akuyar nan ta ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko.

Na tambayi Kawu kabarin Bello. Ya ce, "Sai ka tahi Wurno." Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, can ya rasu a 1837, kuma wasu daga cikin magadansa can suka fi zama. Wato birnin ma wanda ya kafa shi bai yarda ya miƙe ƙafa a cikinsa ba.

Da yamma muka bi ta Giginya. A nan ne sojojin Ingila suka kara da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ranar 15 ga Maris, 1903, ya fita ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara. Yau sunan yana jikin filin wasa da barikin soja, yara na buga ƙwallo.

Girman da garin ya yi daga baya na gwamnati ne. A 1967 ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta Jihar Sakkwato, sannan aka yanke Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Ƙasar da yake mulka tana raguwa, shi kuma yana ƙara faɗi. Jami'ar da aka kafa a 1975 ta ja gari zuwa wajen Dundaye, kamfanin siminti ya ja shi zuwa Kalambaina, ga Mabera da Arkilla da Runjin Sambo sun cika maƙil. Kawu ya ce yanzu har da mutanen ƙauyukan gabas da rashin tsaro ya koro, suna kama haya ɗaki ɗaya da iyali guda.

A Arkilla na kwana, gidan wani ɗan'uwan ango. Ya nuna mini fulotin da ke bayan gidansa, ya ce lokacin da ya sayi nasa, gero ake nomawa a wurin. Ya faɗi kuɗin da ake nema yanzu, na ce a Kano ma sai a unguwar masu hali.