Wasiƙa daga Alƙahira: lambun da aka shuka a kan juji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya iyali? Mu ma nan sai godiya, in ban da cunkoso da hon ɗin motoci da ba ya ɗaukewa ko da tsakar dare.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na kwashi iyali muka tafi Lambun Azhar. Yaran sun fi mako biyu suna yi mini naci, kuma ban ga laifinsu ba: a hawa na biyar muke haya, filin wasansu bai wuce baranda ba. Ta ƙofar titin Salah Salim muka shiga. Da aka ce sai an yanki tikiti na ɗan yi ƙunƙuni, wai shan iska ma sai da kuɗi. Uwargida ta ce, "Malam, biya mu wuce, kana tare wa mutane hanya."

Kana shiga sai wata doguwar hanya shimfiɗe da dutse, dogayen itatuwa dangin dabino a jere dama da hagu, ga siririn ruwa yana bin tsakiya. Ka ɗaga kai, can gaba sai tsohuwar fadar Salahuddin mai ganuwa da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali Basha, wanda ya taɓa mulkin Masar. Ina cikin kallon nan autarmu ta tsoma ƙafa a ruwan, har da takalmi da safa, tana ƙyaƙyata dariya. Haka ta ƙarasa yawon, takalmi yana ƙara caɓal-caɓal.

Da muka shimfiɗa zani a kan ciyawa na ce wa babban, "Ka san a kan me kake zaune? Juji." Ya ɗauka zolaya ce. Alhali kusan shekara 500 mutanen birnin nan suka yi suna jibge shara da ɓaraguzan gini a wannan wuri, har ya zama tudu. A 1984 ne Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya na lokacin, ya yi alkawarin bai wa Alƙahira kyautar lambu, ba a buɗe shi ba sai 2005, bayan an kashe kimanin dala miliyan 30. Abin da ya ba su wuya ƙasar ce: gishiri ya cinye ta, shuka ba ta kamawa, sai da aka yi ta kwashewa da manyan motoci ana zubo mai kyau. A ƙarƙashin lambun mai faɗin hekta 30 kuma akwai manyan tankunan ruwa uku da ke shayar da birnin, an binne su, an dasa furanni a kansu.

Yaron bai bari na kai ƙarshe ba, ya hango lilo. Filin wasan yara a cike yake maƙil, sai an bi layi. Ba ya jin Larabci sosai, amma kafin minti biyar ya yi abokai, suna ta tura juna. Akwai ɗan tafki, akwai gidajen abinci a bakinsa, sai dai ba na aljihun ɗalibi ba ne, muka wuce abinmu.

Ni abin da ya tsaya mini a rai yana gefen yamma. Wajen haƙa ne aka ci karo da ganuwar birni ta zamanin Ayyubawa, wato daular su Salahuddin, ta ƙarni na 12, wadda shara ta haɗiye. Aka tono ta aka gyara, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Na sauka ni kaɗai na shafa duwatsun. A bayanta unguwar Darbul Ahmar ce, gidaje manne da juna, shanya a kan rufi. Da nake dawowa na tarar da wani dattijo durƙushe da almakashi yana datse shinge, wani kuma yana tsince ledojin da aka watsar. Nan na ji kunyar ƙunƙunin da na yi a ƙofa.

Magariba a kan tudun ta same mu. Wani ladani ya fara daga ƙasa, wani ya karɓa, sai kiran salla ya taso ta ko'ina, har ba ka iya bambance wace hasumiya ce. Auta ta yi barci a kafaɗata, safarta ba ta bushe ba. Babban kuwa tun a mota yake tambaya ko Juma'a mai zuwa za mu koma "juji".

A gaishe mini da kowa da kowa.

Naku, daga Alƙahira.