Takalmin da ya fi tsada ne ya ba ni kunya a kan injin tuƙi

Tun da gwiwa ta hana ni gudu a kan kwalta na koma wa injin tuƙin kwale-kwale a wani gidan motsa jiki nan Kano. Ƙirar Concept2 ne: ka zauna kan kujera mai zamewa, ka ɗaure ƙafafu a mataki, ka ja sarƙa, allo yana nuna maka lokacin da kake ci a kowace mita 500. Ni a tunanina aikin hannu ne. Ashe ƙafa ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, baya da hannu bi kawai suke yi.

Na fara da takalmin gudu na, mai kaurin soso a dunduniya, wanda na zuba wa kuɗi har maiɗakina ta yi ta yi mini tsiya. Sati uku ina ja, lokacina a mita 2000 ya ƙi motsi. Duk sanda na tura sai in ji kamar na taka katifa. Ga faɗin bayan takalmin, da kyar yake shiga mazaunin dunduniya, in na gama kuma sai na yi kokawa kafin in zare ƙafa.

Mai horar da mu ne ya tsaya a kaina wata safiya, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai na titi ne. Soson an yi shi don ya shanye ƙarfin dirar ƙafa, kai kuma ƙarfin kake so ya isa mataki." Ya sa na cire, na ja da safa kawai.

Minti biyar na farko daɗi har kunne. Tafin ƙafata na jin matakin sosai, na fara gane lokacin da dunduniya ke ɗagawa in na matso gaba da lokacin da take komawa in na tura. Amma kafin minti ashirin robar da ke riƙe dunduniya ta goge mini fata, maɗaurin ma ya ci bayan ƙafa. Kwana biyu ina alwala da dabara saboda bororo. Balle wurin ba ni kaɗai ke hawa ba, gumin kowa a nan yake sauka. Silifas kuwa sau ɗaya na gwada, ranar da na manta jaka a gida, ja na goma ya sulɓe.

Ranar Asabar na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo. Duk wanda na ɗauka sai in danna ƙasansa da babban yatsa, in ya lotsa in ajiye. In lanƙwasa shi in ga ko yana karyewa daidai gindin yatsu. Mai shagon ya yi ta tura mini masu tudu, wai su ake yayi. Na ƙare da wani tsohon kambas shafaffe, gaba da baya tsayi ɗaya, bayansa siriri, wuyansa bai kai idon sawu ba. Akwai irinsa mai dogon wuya da ya fi kyau a ido, na bar shi, don idon sawu yana buƙatar sakewa in ka naɗe gaba.

Saura kuskure ɗaya da ban san ina yi ba. Matakin yana da ramuka na ɗagawa da saukewa, ni kuwa yadda na tarar haka nake hawa. Da sabon takalmin sai da na gyara shi har maɗaurin ya ratsa daidai inda yatsu suka haɗu da tafin ƙafa, igiyoyin takalmin kuma na cusa su ciki kada su yi ta lilo.

Sharaɓata ta yi tsami kusan mako guda, tunda ta saba da tudun dunduniya. Bayan nan turin ya daidaita, lokacina ya fara sauka kaɗan-kaɗan. Takalmin gudun yana nan a bakin ƙofa, da shi nake zuwa sayo burodi.